Harsashin aboki da takobin baƙo: wace dokar kisa za ka iya zama da ita a wasan intanet?

Wani dare cikin azumin bara, bayan an sauko daga asham, mu uku muka zauna wasan harbi a waya: ni da ɗan yayata da wani abokinsa. Tawagar ta mutum huɗu ce, sai wasan ya cike mana gurbi da wani baƙo wanda ba mu taɓa ganin sunansa ba. Mun yi kusan minti 20 muna tafiya lafiya lau, har harsasai ya ba ni da nawa suka ƙare. Da muka isa wani gidan bene na tsinci sulke mai kyau da kwalkwali. Ina tsugune a ɗaki ina shirya jakata, sai ga gurneti ya faɗo ta taga. Shi ya jefo. Na faɗi, ya shigo ya tsaya a kaina har jinina ya ƙare, ya kwashe kayan ya yi gaba. Na danna maɓallin kai ƙara, amma lokacina da datata sun riga sun tafi. Ɗan yayata ya ajiye wayarsa a kan tabarma ya ce, "Kawu, wai babu wasan da ba a yi wa mutum haka?"

Akwai. Sai dai kowanne da abin da yake karɓa daga hannunka kafin ya ba ka wannan kariya, shi ya sa nake son wanda zai zuba lokacinsa, da wani lokacin kuɗinsa, a wasa ya san dokar kisan wasan tun kafin ya saukar da shi. Magana biyu ce ake yawan cakuɗawa. Ta farko ita ce ko makaminka yana cin ɗan tawagarka. Ta biyu kuma ta shafi wasannin da dubban mutane ke zaune a duniya guda suna noma da haƙar ma'adinai da fatauci: in wani ya tare ka a hanya ya kashe ka ba tare da ka neme shi da faɗa ba, me zai same shi, me kuma za ka rasa?

Hanya mafi sauƙi a kan ta farko ita ce a toshe ƙofar gaba ɗaya. Fortnite ya fara da barin harsashin aboki yana ci, amma a farkon 2018 kamfanin Epic ya kashe wannan saboda yawan masu kashe 'yan tawagarsu. Apex Legends tun fitowarsa a 2019 bai yarda da shi ba. World of Tanks ya yi shekaru yana shafa wa tankar mai harbin 'yan'uwansa shuɗin launi don kowa ya gane shi, daga baya a 2019 ya gaji ya cire illar daga wasannin yau da kullum. A Free Fire ma, wanda ya cika wayoyin samarinmu, bindigar ɗan tawagarka ba ta taɓa ka. Rigakafi ya fi magani, kuma ga wanda kullum da baƙi yake wasa, wannan tsari hutu ne. Abin da ake rasawa shi ne ladabin riƙe makami. In ka san harsashinka ba ya cin naka, za ka buɗe wuta ta bayan abokinka ba tare da ka duba ba, mutum huɗu su cusa kai ta ƙofa ɗaya suna ɓarin wuta. Faɗan yakan yi sauri da daɗi, amma tunanin wa ke gabana da inda zan tsaya ya ragu. Mugu kuma ba ya rasa hanya: ya tsaya maka a bakin ƙofa, ko ya yi harbi a iska don maƙiya su san maɓoyarku.

PUBG Mobile ya tsaya a tsakiya. Bindiga ba ta cin aboki, amma gurneti da kwalbar wuta da mota suna ci. Akwai makin ɗa'a da ake kira Merit, wanda cikarsa 100 ce. In ka kashe ɗan tawagarka aka kai ƙararka sai a rage, in ya sauka ƙasa da 60 sai a hana ka shiga wasan mutum biyu ko huɗu, ka koma wasa kai kaɗai har makin ya farfaɗo. Hukuncin yana da ma'ana, tunda ya raba mai laifi da jama'ar da yake cutarwa. Matsalarsa ita ce yana zuwa ne bayan aikin gama ya gama, kuma wasan kyauta ne, wanda aka matsa wa zai iya buɗe sabon asusu. Valorant ma yana da irin wannan rabi da rabi: harsashi ba ya cin aboki, amma wasu daga cikin abubuwan fashewa da na ƙonewa da jaruman wasan ke jefawa suna ci.

Counter-Strike kuwa tun asali ya ɗauki harbin aboki a matsayin wani ɓangare na ƙwarewa, kuma Counter-Strike 2 da ya fito a 2023 bai canza wannan ba a wasannin gasa. An rage ƙarfin harsashin aboki, amma yana kisa. Mutum biyar ne a kowane ɓangare, wanda ya mutu kuma sai zagaye na gaba, don haka gurneti ɗaya da aka jefa ba lissafi yana iya kayar da zagaye sukutum. Wanda ya yawaita raunata nasa ko kashe su, wasan da kansa yake korarsa, sannan a dakatar da shi daga gasa: karon farko minti 30, na biyu awa 2, na uku awa 24, na huɗu kwana 7. Ga abin da nake so ɗan wasa na wajenmu ya lura da shi. Wannan matakalar hukunci ita ce dai ake hawa da wanda ya bar wasa a tsakiya. Kwamfuta ba ta san an ɗauke maka wuta ba, ba ta san sabis ne ya gudu ba. In ba ka dawo cikin 'yan mintunan da aka ba ka ba, kai da mai kisan ganganci hukuncinku ɗaya. Ban da haka, wanda intanet ɗinsa ke jan ƙafa yakan ga abokinsa a inda yake ɗazu, ya yi harbi a inda yake zaton fili ne, alhali mutumin ya riga ya shigo layin. Saboda haka ba na ba wanda ba shi da tsayayyar wuta da tsayayyen intanet shawarar ya sa zuciyarsa a gasar wannan wasa, duk da ina ganin babu wasan harbin da ya kai shi koyar da natsuwa.

Tsarin da ya fi kwanta mini a rai shi ne na Rainbow Six Siege, wanda Ubisoft ya shigo da shi a 2019. A da, mai kashe 'yan tawagarsa korarsa ake yi, sai a bar mutum huɗu ko uku suna fuskantar biyar. Ka ga an hukunta mai laifi, an kuma haɗa da waɗanda ya zalunta. Sabon tsarin ya juya bakin bindigar. In ka kashe naka, ko ka yi masa rauni da yawa, daga nan duk harsashin da ka sake harba wa ɗan tawagarka jikinka zai dawo. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Wanda aka kashe kuma ana nuna masa hoton yadda abin ya faru, a tambaye shi: ganganci ne ko kuskure? In ya ce kuskure ne, an yafe. In ya ce ganganci ne, juyin ya zauna a kan mai harbin. Abin da ya burge ni a nan shi ne an ba wanda aka cuta bakin magana, domin na'ura ba ta iya karanta niyya, amma mutumin da ya ga abokinsa na bin maƙiyi da bindiga shi kuma ya gitta, ya san ba da gayya aka yi ba. Gibin da ya rage shi ne kisan farko yana shiga, kuma mai fushi yana iya ƙin yafe kuskure na gaskiya.

Helldivers 2, na kamfanin Arrowhead da ke Suwidin, wanda ya fito a 2024, ya bi wata hanya dabam. Mutum huɗu ne ke yaƙar ƙwari da mutum-mutumin ƙarfe, kuma komai yana cin kowa: harsashi, bam daga sama, nakiya, har akwatin agajin da ka kira yana iya sauka a kan abokinka. Ba a kashe wannan, ba kuma wani dogon hukunci sai dai wanda ya buɗe wasan ya kori mai ɓarna. Abin da ya rage mugunta shi ne ladan aiki na kowa ne. Samfuran da aka tsinto, wato kayan da ake tarawa a fagen yaƙi, in an fita da su, duk tawaga ake rubuta wa. Wanda ya kashe ka don ya ɗauki naka bai ƙaru da komai ba. Da a ce wasan da muka yi a daren nan haka yake, da baƙon nan bai sami dalilin jefo gurneti ba. Da abokai na sani, irin wannan wasa ya fi kowanne armashi. Da baƙi kuwa sai yadda ta yiwu.

Magana ta biyu ta fi tsufa, ta kuma fi zafi, saboda a can abin da ake rasawa aikin makonni ne. Ultima Online, wanda ya fito a 1997, shi ne makarantar da kowa ya yi karatu a cikinta. Da farko an saki duniya ga kowa, sai maharan hanya suka addabi masu haƙar ma'adinai da masu saran itace a wajen gari. Aka kawo ƙidayar kisa: wanda aka kashe yana kai ƙara, in ƙararka ta kai 5 sunanka ya koma ja, dogaran gari su far maka da ganinka. Duk da haka ba a daina ba, har jan suna ya zama abin taƙama ga wasu. A 2000 aka raba duniyar biyu, Trammel inda ba a taɓa ka sai da yardarka, da Felucca inda tsohuwar doka take. Yawancin mutane suka kwashe kayansu suka koma Trammel. Har yau tsofaffin 'yan wasan na gardama a kan ko wannan rabuwa ta ceci wasan ko ta zare masa rai, ni dai abin da na ɗauka shi ne hukunci kaɗai bai taɓa sa manomi ya ji daɗin zama kusa da ɗan fashi ba.

EVE Online, wanda kamfanin CCP na Aisland ya ƙirƙira, tun 2003 yake tafiya a kan aƙidar cewa babu inda kake da cikakken tsaro da zarar kumbonka ya bar tasha. Kowane yanki na sararin samaniyar wasan yana da makin tsaro. Daga 1.0 zuwa 0.5 akwai 'yan sanda da ake kira CONCORD, kuma duk wanda ya kai hari ba bisa ƙa'ida ba sai sun tarwatsa kumbonsa, babu tsira. Daga 0.4 zuwa 0.1 ba sa zuwa, sai dai mutuncinka ya zube. A 0.0 kuwa doka ta mai ƙarfi ce. A takarda wannan kamar ya wadatar, amma 'yan sandan suna ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin su iso, sun kuma fi jinkiri a 0.5 fiye da 1.0. Sai maharan suka mayar da abin lissafin kasuwa. Su taru da ƙananan kumbuna masu arha da wuta mai yawa, su duba kayan da babban kumbon dako ya ɗauko, in darajar abin da zai zube ta fi kuɗin kumbunansu sai su afka masa. CONCORD ta zo ta hallaka su duka, wani abokinsu da bai yi harbi ba ya zo ya kwashe ganima. Ga ɗan kasuwar da ya yi wata guda yana tara wannan kaya, zuwan 'yan sandan ihu ne bayan hari. A 2012 har gangami aka yi a Jita, babbar kasuwar wasan, ana ta ragargaza jiragen fatake kwana da kwanaki, kamfanin kuma ya ɗauke shi a matsayin wasa halal. Ba na kushe EVE da wannan, domin bai ɓoye wa kowa halinsa ba, kuma tattalin arzikinsa a kan wannan asara yake tsaye: abin da aka fasa shi maƙera ke sake ƙerawa su sayar. Amma wanda zai shiga ya sani cewa hukuncin da ke can haraji ne a kan mahari, ba diyya ba ce ga wanda aka kashe. Mai saurin ɓacin rai ya nisance shi.

RuneScape ya ware daji guda a arewacin taswira, Wilderness, ya ce a nan ne ake farautar mutane. A Old School RuneScape, wanda ake samu a waya tun 2018, wanda ya mutu yakan tsira da kayansa 3 mafi daraja. Amma in kai ka fara kai hari, sai hoton ƙoƙon kai ya bayyana a samanka, in ka mutu da shi kuwa hatta ukun nan sun tafi. Wato mai neman faɗa shi ya fi sa dukiyarsa a caca, wannan kuma adalci ne da ake gani da ido. Kamfanin Jagex, mai wasan, ya taɓa cire wannan farauta a ƙarshen 2007, 'yan wasa suka yi ta ƙorafi, aka dawo da ita a 2011 bayan ƙuri'a. Sai a kula da masu dabarar sa sabon shiga ya danna su bisa kuskure don ƙoƙon ya hau kansa.

Albion Online shi ne wanda na fi tsayawa a kansa in ɗan wajenmu ya tambaye ni, saboda kyauta ne, yana tafiya a waya tun 2021, kuma tun 2024 yana da saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da wasan, a Turai, wadda ta fi mana kusa da ta Amurka. Taswirarsa launi huɗu ce. A shuɗin yanki ba mai taɓa ka. A rawaya ana iya kayar da kai, amma ba a kwashe kayanka. A ja, wanda ya ɗaga tutar gaba, wato ya bayyana kansa mahari, yana iya kashe ka ya ɗebe duk abin da ke jikinka da jakarka, sai dai mutuncinsa yana raguwa, in ya zube sosai a rufe masa ƙofofin biranen sarauta ya koma Caerleon, matattarar 'yan ta-kife. Wasan kuma yana nuna maka adadin masu tutar gaba da ke yankin. A baƙin yanki babu tuta babu hukunci, kowa abokin gaba ne in ba ɗan ƙungiyarka ba. Arziki yana ƙaruwa ne yadda hatsari ke ƙaruwa, ma'adinai da fatu masu tsada suna can ciki. Abin da ya sa na fifita wannan a kan tsarin EVE shi ne kai kake zaɓar ranar da za ka yi kasada da abin da za ka saka a jikinka. Ran da sabis ke rawa, ka tsaya a shuɗi da rawaya ka yi saran itacenka. Ran da ya zauna, ka sa kaya masu arha waɗanda in sun tafi ba za ka kwana da ciwon rai ba, ka tsallaka. Na taɓa rasa sa mai ɗauke da kaya a jan yanki saboda waya ta yi zafi ta tsaya cak na 'yan daƙiƙu. Da hoto ya dawo ina kwance. Ya yi mini ciwo, amma da ƙafata na shiga, na kuma ga gargaɗin a bakin iyaka. Wannan ciwon daban yake da na gurnetin da aka jefo mini daga hannun wanda nake ɗauka nawa ne.

Wanda ba ya son ko ɗaya daga cikin wannan, World of Warcraft tun 2018 ya mayar da faɗan fili abin kunnawa da kashewa, da ɗan ƙarin lada ga wanda ya kunna, kuma ko an kashe ka ba a ɗaukar kayanka. Sai dai ana biyan kuɗin wata. GTA Online yana da yanayin zaman lafiya da kake shiga don kada a harbe ka, yana kuma tattara masu yawan ɓarna a zaure guda su ƙarata da junansu, amma mai dakon kayan sayarwa a zauren jama'a har yanzu abin farauta ne.

In za ka zaɓa, fara da duban waɗanda kake wasa da su. Mai abokai uku tabbatattu da yake jin muryarsu ya nemi wasan da harsashi ke cin kowa, zai sami zurfin da sauran ba su da shi, kuskure kuma a tsakaninsu dariya ce da neman afuwa. Mai shiga shi kaɗai a haɗa shi da duk wanda aka samu, ya zauna inda aka toshe ƙofar, ko inda harbin ke komawa kan mai shi. Daga nan ka dubi wutarka da sabis ɗinka da idon gaskiya, domin duk dokar da ke hukunta fita daga wasa ko take barin a kwashe kayan wanda ya daskare, kai za ta fi ci, ko da ba ka taɓa cutar kowa ba. Sannan ka tambayi kanka nawa za ka iya rasawa a dare ɗaya ka tashi gobe kana son komawa. Amsar wani ita ce wasa ɗaya na minti 20, amsar wani kumbon wata guda, kuma babu wanda ya fi wani a cikinsu.

Ɗan yayata dai na ce masa ya ci gaba da wasan harbinsa amma ya kashe cike gurbi, su shiga su uku ko da za a fi su yawa. Albion kuma na sa masa a waya da sharaɗin ba zai taka jan yanki ba sai ya tara abin da zai sayi irin kayan jikinsa sau uku. Bayan sallah da mako biyu ya kira ni da daddare, muryarsa na rawa, ya ce, "Kawu, na shiga ja na fito da fatu cike da jaka, mutum biyu sun biyo ni har bakin gari ba su kama ni ba."